Hannun da Uba Ya Saki: Fim ɗin Dilwale Dulhania Le Jayenge da Taƙaddamar Masu Sharhi

Gabatarwa

A ranar 20 ga Oktoba, 1995 kamfanin Yash Raj Films ya fitar da Dilwale Dulhania Le Jayenge, wanda 'yan kallo suka taƙaita sunansa zuwa DDLJ. Ma'anar sunan ita ce mai zuciya shi zai tafi da amarya. Aditya Chopra ne ya rubuta labarin kuma ya ba da umarni yana ɗan shekara 24, wannan ne kuma aikinsa na farko a matsayin darakta, mahaifinsa Yash Chopra ya ɗauki nauyi. Shah Rukh Khan ya fito a matsayin Raj, Kajol ta fito a Simran, Amrish Puri ya fito a Baldev Singh mahaifin Simran, Farida Jalal kuma ta fito a Lajjo, mahaifiyarta. Fim ɗin ya ci kyautar Filmfare guda 10, adadin da babu fim ɗin da ya taɓa kaiwa kafin lokacin, sannan ya samu kyautar gwamnatin Indiya ta fim mai farin jini wanda ke ba da nishaɗi mai tsabta. Sinimar Maratha Mandir da ke Mumbai ta ci gaba da nuna shi kullum, har a 2001 ya wuce tsawon zaman da fim ɗin Sholay ya yi a sinimar Minerva, a Disambar 2014 kuma ya cika mako 1000.

Duk da wannan karɓuwa, ra'ayin masu sharhi bai taɓa haɗuwa wuri guda ba. Wani ɓangare na ganin fim ɗin ya sulhunta soyayya da biyayya ga iyaye, abin da finafinan baya suka kasa. Ɗaya ɓangaren na ganin sulhun na baka ne, cewa an lulluɓe ikon maza da kiɗa mai daɗi da gonakin fure. Matsayin wannan maƙala shi ne ɓangarorin biyu sun tsaya kan abu ɗaya, wato ƙin da Raj ya yi ya gudu da Simran, kuma dukansu sun yi wa fim ɗin karatun da ya tsallake mahaifiyar. Sukar da manazarta suka yi wa DDLJ daga baya tana cikin fim ɗin tun farko, a bakin Lajjo. Fim ɗin ya faɗi zaluncin da bakinsa, ya ƙi warware shi, sannan ya rufe labarin da alfarmar uba. A nan ƙarfinsa yake, a nan kuma rauninsa yake.

Ƙasar da ta karɓi fim ɗin

Ba za a gane abin da ya ja hankalin 'yan kallo a 1995 ba sai an duba yadda allon Indiya ya saba kashe rikicin masoya da iyayensu. A Mughal-e-Azam na 1960 ɗan sarki ya ɗaga wa mahaifinsa takobi saboda baiwar fada. A Bobby na 1973 yaro da yarinya sun tsere daga gida. A Ek Duuje Ke Liye na 1981 da Qayamat Se Qayamat Tak na 1988 mutuwa ce ta raba gardama. Hanya biyu ce ke nan gaban masoya, ko gudu ko kabari. Haka ma ɗan Indiya mazaunin Turai yana da siffar da aka san shi da ita: a Purab Aur Paschim na Manoj Kumar, 1970, zaman Ingila na nufin giya da taba da mance asali, wato kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

A 1991 gwamnatin Narasimha Rao, da Manmohan Singh a ma'aikatar kuɗi, ta buɗe tattalin arzikin ƙasar bayan kuɗin waje sun kusa ƙarewa a baitulmali. Kayan Turai suka cika shaguna, tashoshin tauraron ɗan'adam suka shiga ɗakuna, 'yan Indiya na Landan da New York suka zama masu jarin da ake zawarci, kuma masu sayen tikitin sinima da fam da dala. Masu matsakaicin hali a birane suka shiga tambayar kansu ko mutum zai ci wannan sabuwar duniya bai rasa asalinsa ba. DDLJ ya ba su amsar da suke so. Raj ya tashi a Landan, yana shan giya, ya faɗi jarrabawar jami'a, yana tuƙa motar tsada, amma da aka zo maganar mutuncin mace da albarkar iyaye sai ya fi ɗan ƙauyen Punjab riƙon al'ada. Kuljeet, angon da aka zaɓa wa Simran, wanda bai taɓa barin gida ba, shi ne mashayi mai burin in ya je Landan ya yi holewa da Turawa. An juya tsohon hoton gaba ɗaya. Abin lura kuma, Punjab ɗin da aka nuna, mai gonakin mastad masu rawaya da gidan gandu cike da waƙa, jiha ce da ba ta daɗe da fita daga fiye da shekara goma na tashin hankali ba. Fim ɗin bai ko ɗaga kai ya dubi wannan ba. Punjab ɗinsa ƙasa ce ta begen wanda ke nesa, irin wadda Baldev ke tunawa yana watsa wa tantabaru tsaba a dandalin Trafalgar.

Ƙin gudu

Tsarin labarin mai sauƙi ne. Baldev, mai kanti a Landan, ya yi wa amininsa Ajit, mahaifin Kuljeet, alkawarin 'yarsa tun tana jaririya. Simran ta roƙi wata ɗaya ta zaga Turai da ƙawayenta kafin aure, a tafiyar ta haɗu da Raj, jirgin ƙasa ya bar su a Suwizalan, so ya shiga. Baldev ya ji tana gaya wa uwarta, nan take ya kwashe iyalinsa zuwa Punjab. Raj ya biyo su. Simran ta ce su gudu, ya ƙi, ya ce ba zai ɗauke ta ba sai mahaifinta ya miƙa masa hannunta da kansa. Rabin fim ɗin na biyu, a cikin fiye da awa uku, ya tafi ne wajen yadda Raj ya kutsa cikin gidan biki a matsayin abokin ango, yana sayen zuciyar kowa da hidima da barkwanci.

Masu yabo sun ɗauki wannan ƙi a matsayin balagar fim ɗin soyayya, cewa ga saurayi ya gane aure haɗuwar gidaje ne. Kyautar gwamnati ta nishaɗi mai tsabta wannan karatun ta tabbatar. Littafin da 'yar jarida Anupama Chopra ta rubuta a kan fim ɗin a 2002, cikin jerin littattafan Cibiyar Finafinai ta Birtaniya, ya shigar da shi sahun ayyukan da ake nazari a jami'o'in duniya. Shaharar ta kai har shugabannin Amurka biyu sun ambace shi a jawabansu a Indiya, Barack Obama a Delhi a 2015 da Donald Trump a Ahmedabad a 2020. Ta ɗaya gefen, tun 1998 masaniyar zamantakewa Patricia Uberoi ta buga nazari a mujallar Contributions to Indian Sociology inda ta nuna fim ɗin horar da sha'awa yake yi, yana mayar da ita ƙarƙashin ikon iyali, har soyayya ba ta halatta sai ta ɗauki siffar auren haɗi. A 1999 Purnima Mankekar ta duba yadda aka ɗora wa mace nauyin riƙe asalin al'umma a ƙasar waje, alhali namiji na yawonsa ba tare da an tuhume shi ba. Bayan shekaru, musamman daga lokacin da muhawara kan cin zarafin mata ta yi zafi a Indiya, masu sharhi a jaridu suka ƙara da wasu tuhume-tuhume: yadda Raj ya takura wa Simran a jirgin ƙasa bayan ta nuna ba ta so, da wasan da ya yi mata a Suwizalan, inda ya bar ta ta zaci wani abu ya faru tsakaninsu cikin dare tana buge, sai da ta fashe da kuka sannan ya ce ai ya san darajar mutuncin 'yar Indiya.

Wannan suka tana da tushe, kuma akwai hujjar da ta fi waɗannan nauyi. Sau biyu mace ta ce a gudu, sau biyu Raj ya ƙi. Wanda aurensa ke gabatowa ba shi ba ne. Wadda za a kai ɗakin Kuljeet idan dabarar ta ci tura ita ce Simran, amma ba ita ta zaɓi dabarar ba. Da Raj ya ce sai uba ya miƙa hannunta, ya amince ke nan cewa hannun na uban ne, shi kuma mai neman a ba shi ne. Daga nan labarin ya tashi daga tsakanin saurayi da budurwa ya koma tsakanin maza biyu. In aka ƙirga fitowar da aka fi ƙawatawa a rabi na biyu za a ga zawarcin gaske Baldev ake yi wa: Raj na bin sa gona da asuba yana taya shi kiran tantabaru, yana amfani da ƙasar wurin wajen jinyar wadda Kuljeet ya harbe, yana neman gafarar yaudarar da ya taɓa yi masa a kanti don ya sayi giya. Ita kuwa Simran da ta fara fim tana rubuta mafarkinta a littafi, ta koma mai jira a bakin taga. Akwai kuma Preeti, ƙanwar Kuljeet, wadda Mandira Bedi ta fito a matsayinta: ta kamu da son Raj, har magana ta kai ga manya, shi kuma ya bar ta cikin wannan zato don asirinsa ya rufu. Fim ɗin bai dawo ya tambayi yadda ta ƙare ba. Hanyar da Raj ke kira ta gaskiya da ƙarya aka shimfiɗa ta, daga tarkon da ya shirya wa Kuljeet don ya cece shi ya zama amininsa, har zuwa sunan baƙon da ya zo neman filin masana'anta.

Maganar uwa

Inda wannan maƙala ta rabu da masu sukar shi ne zaton da suke yi cewa fim ɗin bai san abin da yake yi ba. Akwai fitowa guda wadda ba kiɗa ba raha, Lajjo zaune da 'yarta. Ta ba ta labarin yadda tana yarinya mahaifinta ke cewa babu bambanci tsakanin mace da namiji, amma da aka zo karatu sai aka cire ta don 'yan'uwanta maza su ci gaba. Ta ce ta yi ta sadaukarwa tana 'ya, tana 'yar'uwa, tana matar aure, kuma ranar da ta haifi Simran ta yi wa kanta alkawarin wannan yarinya ba za ta bi wannan hanya ba. Sannan ta ce ta gane mace ba ta da ikon ko yin alkawari, don haka ta roƙi 'yarta ta manta da yaron. A lura da inda aka ajiye wannan magana. Duk rikicin fim ɗin a kan alkawari yake, wanda Baldev ya yi wa amininsa shekara ashirin baya. An jera alkawura biyu kan yarinya ɗaya, na uba da na uwa, aka nuna ɗaya yana da ƙarfin kwashe iyali daga nahiya zuwa nahiya a dare ɗaya, ɗayan kuma mai shi ce da kanta ta zo tana janye shi. Wannan jeri ba haɗari ba ne. Aditya Chopra da Javed Siddiqui, waɗanda suka karɓi kyautar Filmfare ta tsara zance, sun san abin da suka rubuta.

Fitowa ta biyu ta fi wannan kaifi. Daren azumin Karwa Chauth, wanda matan Hindu na arewacin Indiya ke yi don tsawon ran mazajensu, Lajjo ta hango Simran da Raj suna ciyar da juna a ɓoye, ta gane shi ne yaron Turai. Ba ta tona ba. Ta tattara gwala-gwalanta ta miƙa musu, ta ce su tafi tun dare bai ƙare ba. Mace mai shekara sama da ashirin a gidan Baldev, wadda ta fi kowa sanin halinsa, ta yanke hukunci cewa ba zai sauko ba. Raj ya mayar mata da kayan, ya kawo maganar marigayiyar mahaifiyarsa kan hanya mai sauƙi da ba daidai ba da hanya mai wuya da take daidai. An kayar da maganar uwa mai rai da maganar uwar da ta mutu, ta bakin ɗa namiji. Kuma abin da ya biyo baya Lajjo ya gaskata: da Baldev ya ga hoton su biyun na Turai, bai tuna tantabaru ba, bai tuna hidima ba, mari ya yi ta zabga wa Raj gaban jama'a ya kore shi. Dabarar sayen zuciya ta faɗi ƙasa warwas. Abin da ya sauya Baldev a tashar jirgi shi ne ganin jinin Raj bayan dukan mutanen Kuljeet, da ganin ya shiga jirgi zai tafi hannu wofi. Babu wata hujja da ta kayar da shi, zuciyarsa ce ta karye a daƙiƙar ƙarshe, da jirgin ya ƙara gudu kaɗan da labarin ya zama wani. Farida Jalal ta ci kyautar mataimakiyar jaruma a wannan shekara, Amrish Puri kuwa bai ci tasa ba, wanda ke nuna ko a 1995 akwai masu gani da suka san inda nauyin wasan yake.

Abin da za a iya cewa

Za a ce ana auna aikin 1995 da mudun yau. Kwanan watan nazarce-nazarcen ya isa amsa: Uberoi ta yi rubutu shekara uku bayan fitowar fim ɗin, kuma maganar Lajjo a 1995 aka rubuta ta. Za a kuma ce daɗewarsa a Maratha Mandir ta raba gardama, tunda jama'a ba sa kallon abin banza shekara da shekaru. Daɗewar gaskiya ce, amma nuni ɗaya ne da hantsi a kan tikiti mai araha, wanda ya zama wurin ziyara da kansa, har da sinimar ta ce za ta daina a 2015 sai da koke-koken jama'a suka sa ta fasa. Wannan shaida ce ta ƙauna, ba hukunci ba ne kan ma'ana. Kiɗan Jatin da Lalit, baitocin Anand Bakshi da muryoyin Lata Mangeshkar, Kumar Sanu da Udit Narayan kaɗai sun isa su dawo da mutum kujera sau goma, ko da yake kyautar kiɗa ta shekarar A. R. Rahman ne ya tafi da ita saboda Rangeela.

Ƙalubale mafi ƙarfi shi ne na uku, kuma bai kamata a wuce shi da gaggawa ba. Mai cewa gudu 'yanci ne yana magana ne daga duniyar da mace ke iya rayuwa ba dangi. A inda dangi su ne madogara ranar rashin lafiya, ranar haihuwa, ranar da aure ya yi tsami, yarinyar da ta gudu ta yanke igiyar da za ta kama in saurayin ya canza. Ta wannan fuska ƙin Raj kariya ce gare ta: in an aura masa ita da yardar uba, tana da gidan komawa. Ɗan kallo Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Finafinan Indiya sun shiga sinimomin Arewa tun shekarun 1950 ta hannun 'yan kasuwa Kwarori, kuma Brian Larkin, a nazarinsa na 1997 kan finafinan Indiya da masoyan Nijeriya, ya nuna abin da ya ɗaure Hausawa gare su shi ne wannan ja-in-ja tsakanin zaɓin zuciya da zaɓin iyaye, wanda littattafan soyayya na Kano, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, suka ɗauka a harshen gida. Wanda ya san nauyin waliyyi a ɗaurin aure, ya san abin da ake nufi da albarkar iyaye, ba zai kira Raj matsoraci ba.

An karɓi wannan hujja, amma iyakarta a bayyane take. Tana nuna gudu na da tsada, ba ta nuna wa ya kamata ya auna tsadar ba. Mata biyu da za su biya farashin, 'ya da uwarta, sun auna sun zaɓa, wanda ba shi da abin asara sai ɓacin rai shi ya soke zaɓinsu. Kuma ko a cikin tsarin da ke girmama waliyyi, ana bambanta uban da ya nemi yardar 'yarsa da wanda ya ɗaura mata aure tana kuka, shi ya sa Hausa ta ware wa na biyun sunansa, auren dole. Fim ɗin bai sa Baldev ya amsa cewa alkawarin da ya yi kan jaririya kuskure ba ne. Dalilin da ya bayar a tasha shi ne babu wanda zai so ta kamar wannan yaro. Raj ne ya ci jarrabawa, ita kuma aka ba shi. Da Kuljeet mutumin kirki ne, da Raj bai jure duka ba, babu abin da ke cikin wannan dalili da zai hana a kai Simran inda ba ta so.

Ƙoƙarin sake ba da labarin ma ya nuna inda gizo ke saƙa. Da Aditya Chopra ya mayar da shi wasan dandamali mai waƙa a San Diego a 2022, da sunan Come Fall in Love, ya sauya Raj zuwa Bature Ba'amurke mai suna Roger, kuma ya ce yana so a ga labarin ta idon Simran. Hayaniyar da ta tashi kan launin fatar jarumin ce, kusan duka. Shekara 27 bayan fitowar fim ɗin, gardamar jama'a tana nan kan wane namiji ya cancanci a ba shi ita.

Fitowar ƙarshe ta zama abin da aka fi kwaikwayo a finafinan Indiya: uba ya saki wuyan hannun 'yarsa, ta ruga da kayan amarci, Raj ya miƙo hannu daga ƙofar jirgi. Masu yabo suna ganin rahama a sakin, masu suka suna ganin an miƙa kaya daga hannu zuwa hannu. Dukansu daga lokacin da Baldev ya riƙe hannun suke fara karatu. Amma Simran ba daga sama ta faɗo tashar ba. Ranar aurenta ce, gida cike da baƙi, Raj ya riga ya haƙura ya kama hanya, kuma mahaifinta bai aika a kira ta ba. Lajjo ce ta fito da ita daga gidan biki ta kawo ta bakin jirgi.